Yadda Tafinta Ya Ceci Hankaka

Shekarunsa sittin da takwas, tsohon tafintan kotu ne da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, yana zaune a ɗakin da ke kusa da ƙofa a gidan 'yarsa. Duk unguwa Tafinta ake ce masa, har yaran da ba su san mene ne aikin ba. Tabarau biyu gare shi, na karatu da na tafiya, kuma yawanci wanda ba ya bukata shi ne a aljihunsa.

Aikin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kai ba shi da wuyar bayani. Yana tsayawa a bayan wani akwatin katako da ya kai masa ƙirji, tsakanin alƙali da wanda ake tuhuma. Alƙali ya yi magana da Turanci, shi ya juya ta zuwa harshen gida. Wanda ake tuhuma ya amsa, shi ya mayar. Da bakinsa mutane suka ji hukuncin da ya sage musu gwiwa. Ya taɓa maimaita zagin da wata mai shaida ta yi wa lauya, bai bar ko ɗaya ba, fuskarsa ko gezau. Abin alfaharinsa ɗaya ne: bai taɓa ƙara gishiri ba, bai taɓa rage ɗaci ba.

"Ni bututu ne," haka yake cewa. "Abin da aka zuba ta nan shi ke fita ta can."

Jikarsa 'yar shekara sha shida ce. Tun tana ƙarama, in aka yi gardama a gidan kan wanda ya bar famfo a buɗe, ita ke yanke hukunci, don haka ya sa mata suna Mai Shari'a. Ita kuma Tsoho take ce masa. Tana da wasu littattafai masu kauri da baƙin bango, an zana kambi da wuƙa a jikinsu da ruwan zinari. Bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ganin kaurinsu ya sa ya ɗauka na makaranta ne, har yana yabon ta a wurin abokai.

Wata safiya ta ce tana ganin kamar baƙin labule yana saukowa daga gefen idonta na hagu. Kafin a kwana biyu an yi mata aiki. Tantanin da ke can bayan idon ne ya ɗaye, likita ya mayar da shi, ya sa kumfar iska a ciki don ta danne shi har ya kama. Sharaɗin kuwa mai tsanani ne. Kusan mako biyu za ta yi a kwance rub da ciki, fuska na kallon ƙasa. Ba kallon waya, ba karatu ko da da lafiyayyen idon ne, don idanu tare suke tafiya.

Likitan ba ya jin harshen gida. Uwar yarinyar kuma, wato 'yar Tafinta, tela ce, Turancinta bai wuce na awon riga ba, mijinta direban babbar mota ne yana kan hanya. Saboda haka a barandar asibiti, yarinya tana ciki allurar barci ba ta sake ta ba, Tafinta ya tsaya tsakanin likita da 'yarsa ya yi aikinsa. Idon dama lafiya lau yake, sai dai a riƙa duba shi. Na hagu kuwa, ko aikin ya kama, da wuya ya sake karanta harafi. Zai ga haske, zai ga inuwar mutum. In ta ɗaga kai ko ta yi karatu kafin lokaci, wannan ɗin ma yana iya tafiya.

'Yar tasa ta jingina da bango. Ta ce, "Baba, ba za ta ji wannan ba."

"Likita ya ce a gaya mata."

"Likita ne ya haife ta?"

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Daga ranar maganar gidan ta zama ɗaya: za ki warke sarai. In aka fara faɗinta, Tafinta yakan tuna yana da abin yi a waje.

Uwar ta ɗinka matashi mai rami a tsakiya kamar gammo, aka ɗora shi kan katako biyu tsakanin bakin gado da kujera. Nan Mai Shari'a ke kifa fuskarta. Duk duniyarta ta koma abin da ramin nan ya nuna mata: ɗan filin siminti, ƙafar kujera, tururuwa in ta ga dama ta wuce, da ƙafafun duk wanda ya zauna kusa da ita.

Ba a jima ba ta nemi littafinta. Na uku ne kuma na ƙarshe a jerin, an sayo mata shi ana gab da ciwon, babi ɗaya kawai ta karanta. Uwar ta ce a bari ta warke. Mai Shari'a ta ce ba damuwa, in ba mai karanta mata, a ajiye mata shi a ƙasa daidai ramin, tana da ido guda. In ma ba a ajiye ba, ta san inda yake, kuma ba kullum ake gadinta ba. Uwar ta san 'yarta. Ta ɗauko littafin ta miƙa wa mahaifinta kamar mai miƙa garwashi.

Ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya zauna, ya sauya tabarau, ya gyara murya ya fara da Turanci. Bai gama shafi ba murya ta fito daga ƙarƙashin matashi.

"Tsoho, wa aka kama?"

"Kamar yaya?"

"Kana karanta shi kamar takardar tuhuma. Juya mini shi kawai, yadda ka saba."

Haka ya koma tsohon aikinsa: ido ya ɗauki Turanci, baki ya sauke da harshen gida. Nan ne kuma kansa ya fara ɗaurewa.

Labarin wata fadar aljanu ce a ƙarƙashin tafki. Ba irin aljanun da ya taso yana jin labarinsu ba, waɗannan suna da sarauniya da fadawa da liyafa, suna sa tufafin da aka saƙa da raɓa, kuma ba abin da suka iya kamar cin dunduniyar juna. Akwai wata yarinya 'yar Adam da ta shiga fadar don ta fito da ƙanenta da aka sace. Aikinta taje wa sarauniya gashi, shi ya sa ake ce mata Mai Mataji. Fadar tana da doka ɗaya da ba a karyawa: duk wanda zai cuce ka, dole ya zo gabanka ya gaya maka da bakinsa kafin rana ta faɗi. Daga nan sai dabararka ta fisshe ka, ko kuwa ta ƙi.

Da yake daga na uku ya shigo, bai san kowa ba. Kowane shafi sai ya tsaya.

"Wannan Yariman, ba shi ne aka ce ya taɓa kulle ta a rijiya ba?"

"Shi ne. A littafi na ɗaya."

"To me take yi tana rawa da shi?"

"Tana bukatar sojojinsa. Kuma yana son ta."

"Yana son ta ya kulle ta a rijiya?"

"Lokacin bai sani ba."

"Shekara bakwai," in ji Tafinta. "Da aiki mai tsanani."

"Tsoho, karanta."

Ya zame masa ɗabi'a. Duk wanda ya shigo labarin sai ya yanke masa hukunci. Sarauniya ɗaurin rai da rai, waziriyarta ma haka, mai dafa abinci shekara goma sha saboda guba. A lissafinsa, da an kawo fadar nan gaban alƙali mai ƙarfin hali, kafin azahar babu wanda zai saura a waje sai mutum ɗaya.

Wannan ɗayan shi ne Hankaka, tsohon mai gadin ƙofar fada, aljani mai kan hankaka da fukafukai baƙi da fari. Shi ya nuna wa Mai Mataji matakalar da ba a takawa. Shi ke ɓoye mata gurasa a ƙarƙashin fiffike. Ba ya yawan magana, gwiwarsa tana ciwo in an yi sanyi. Tafinta ya ɗauke shi kamar ɗan'uwa. In ya zo wurin maganarsa har muryarsa yake sassautawa.

Idon tafinta kullum yana gaba da bakinsa, haka aikin yake. Wata rana da hantsi, bakinsa yana tsakiyar shafi, idonsa ya riga ya sauka ƙasa ya ga abin da ke tafe. Sarauniya ta ce wa Mai Mataji in tana son a yarda da ita har ta kai inda ƙanenta yake, sai ta ba da sunan wanda ke taimakonta a ɓoye. Yarinyar kuma ta nufi ƙofar fada.

Ya dubi jikarsa. Ba abin da yake gani sai ƙeyarta, da siririn wuyanta, da igiyar bandejin da ta zagayo bayan kunne. Wannan yarinyar ce in ta ga kyankyaso sai ta kira wani ya fitar da shi, ta ce kada a kashe. Bututun da bai taɓa toshewa ba ya toshe.

"Da ta isa ƙofa," in ji shi, "sai ta tarar an aiki Hankaka wata ƙasa."

"Wace ƙasa?"

"Mai nisa. Ba a faɗi sunanta ba."

Ya jiƙa yatsa ya tsallake shafukan a hankali don kada takarda ta yi ƙara.

"Hmm," in ji Mai Shari'a.

Ya kwana yana ganin ya yi dabara. Washegari sarauniya ta shigo liyafa sanye da sabuwar alkyabba ta fukafukan hankaka, baƙi da fari.

"Na wani hankakan ne daban," ya ce da sauri.

"Littafin ne ya ce haka?"

"Ai hankaki suna da yawa."

Daga nan abin ya zama an gudu gara an faɗa gidan zago. A littafin Mai Mataji ta daina cin abinci, ba ta iya wucewa ta ƙofar fada sai ta kau da kai. Tafinta ya ce ciwon ciki ne. Yarima ya tsare ta a gaban jama'a yana yi mata gori kan wanda ta sayar, Tafinta ya juya gorin ya zama tambayar lafiya. Maƙiya suka shigo fada cikin sauƙi domin ƙofa ba mai gadi, dole ya yi bayanin abin da ya hana Hankaka dawowa, ya ce ruwa ne ya cinye gada. Da Mai Shari'a ta matsa da tambaya, sai ya sa Hankaka ya aiko da gaisuwa ta bakin wani matafiyi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana kallon masu shaidar zur suna ɗaure kansu da igiyar da suka murza, yau ga shi yana gumi a kan gadar da shi ya gina, shi ya rushe.

Ya kai kukansa wurin Magatakarda, tsohon abokin aikinsa na kotu, a kan bencin ƙofar shagon aski inda suke zama da yamma.

"Kashe shi a hanya," in ji Magatakarda. "Ka ce zazzaɓi ya kama shi. Ka huta, ya huta."

"Ba zan iya ba."

"Hankakan takarda ne fa."

"Ba wannan ne ya fi damuna ba. Ka san yarinyar nan. Ko ƙuda ba ta iya bugewa. Me take nema a gidan da uwa ke dafa wa ɗanta guba? Babu mutumin kirki a ciki sai ɗaya, shi ma an fige shi an yi alkyabba. Kuma ba ita kaɗai ba, ta ce duk ƙawayenta layi suke bi a kansa."

Magatakarda ya dubi titi. "Ka tuna mutanen bencin baya? Kullum kotu cike. Ba su da ƙara, ba su da shaida, ba ɗan'uwansu ake yi wa shari'a ba. Ranar shari'ar kisa har tsaye ake yi. Me suke nema?"

"Inuwa da fanka."

"Har ranar da ba wuta?"

Tafinta ya miƙe. Ya koma gida da tambaya biyu maimakon ɗaya.

Kashegari ya zo wurin da ƙarya ba ta da sauran gurbi. An kafa wa Hankaka dutsen tunawa a bakin ƙofa, Mai Mataji ta durƙusa a gabansa, babi guda cur. Ya fara cewa dutsen alamar hanya ce, ya yi tari, ya sake farawa.

"Tsoho."

"Na'am."

"Kifi na ganinka, mai jar koma."

"Me na yi?"

"Dubi ƙafarka ta dama."

Ya leƙa ta gefen littafin. Babban yatsansa ya hau kan na kusa da shi ya danne, kamar mai riƙe wani abu kada ya gudu.

"Duk sanda ka bar littafi ka kama naka, haka yake yi," ta ce. "Tun ranar da ka aiki Hankaka ƙasar da ba ta da suna. Na ƙyale ka ne in ga inda za ka kai shi. Wurin gada ne ka fi ba ni tausayi."

Ya zauna yana kallon yatsan kamar na wani. Duk tsawon aikinsa a bayan akwati ya tsaya, ba wanda ya taɓa ganin ƙafarsa, shi ma bai san tana magana ba.

"Ba ni littafina," ta ce. Hannunta ya zuro ta gefen gado yana lalube. Ta dafa katifa, kafaɗunta suka tashi, goshinta ya fara rabuwa da matashi.

Ya saki littafin ya ɗora tafinsa a ƙeyarta. Bai danna ba, ya dai ajiye shi.

"Ki mayar da kanki. Don girman Allah, Mai Shari'a, ki mayar."

"To a karanta mini abin da aka rubuta."

"Zan karanta."

"Daga inda ka tsallake. Kuma kada gobe ka zo mini da safa."

Ya ɗauki littafin ya koma baya. Ya shimfiɗa ƙafafunsa biyu a kan siminti daidai ramin, ya karanta. Mai Mataji ta isa ƙofa ta tarar da Hankaka a mazauninsa yana shafa gwiwa. Ta tsaya a gabansa kamar yadda doka ta ce, ta gaya masa cewa kafin rana ta faɗi za ta ba sarauniya sunansa. Ƙofa a hannunsa take, fukafukai gare shi, yini guda yana gabansa. Bai gudu ba. In ya gudu, sarauniya za ta ce baki suka haɗa, ƙanen kuma ya tafi ke nan. Ya tambaye ta ko ta ci abinci. Ya zaro gurasa ya ba ta, ta karɓa ta ci a tsaye a gabansa. Ya ce ya gode da ta zo da kanta ba ta aiko ba. Da yamma aka zo aka tafi da shi.

Ɗigo ya faɗo kan siminti tsakanin ƙafafun Tafinta, wani ya biyo shi. Hankalinsa ya tashi, don likita bai ce komai game da kuka ba.

"Kin gani? Abin da na guda ke nan."

"Yauwa," ta ce tana jan hanci. "Haka ya kamata. Na san sai ta yi."

"Kin san za ta yi, kuma kina son ta?"

"Ina son ta mana."

"Da na cece shi kin yi fushi. Yanzu na kashe shi kina kuka kina cewa yauwa. Ni fa ban gane ba. Me ke cikin gidan nan na mugaye da kike so?"

Daga ɗakin da ke maƙwabtaka ana jin keken ɗinkin uwarta yana tafiya.

"A can," ta ce, "in za a cire maka ido, sai an gaya maka."

Ya ɗago kai daga littafin.

"Mama in ta ce za ki warke sarai, dunduniyarta bugawa take kamar tana kan keke. Babana a waya, ba na ganin ƙafarsa, amma sai ya faɗa sau uku. Kai kuma da an fara sai in ga ƙafafunka sun nufi ƙofa. Tsoho, me likita ya ce?"

Bai yi wa 'yarsa alkawari ba, shiru kawai ya yi a barandar nan. Amma ya san yadda ta ɗauki shirun. Ya kuma san hannun da ya lalubi littafi yau zai sake lalube gobe, sanda ba kowa a ɗakin, domin wanda aka ce masa ba komai ba ya ganin dalilin kwanciya fuska a ƙasa. Ya rufe littafin ya miƙe, don bai taɓa yin tafinta a zaune ba in maganar mai nauyi ce. Ya tsaya inda za ta ga ƙafafunsa. Ya faɗi maganar likita yadda tafinta ke faɗa, da bakin mai ita.

"Na mayar da tantanin, na yi iyakar abin da zan iya. Idon dama lafiyarsa ƙalau, amma zan riƙa duba shi. Na hagu, ko aikin ya kama, ba na jin zai sake karanta harafi. Zai ga haske, zai ga inuwar mutum. In ta ɗaga kai ko ta yi karatu kafin in ba da izini, wannan ma yana iya tafiya."

Yana tsakiyar magana keken ɗinki ya tsaya. Shi bai tsaya ba, sai da ya kai ƙarshe.

Mai Shari'a ta ce, "Na dama lafiya, ka ce?"

"Haka ya ce."

"In na kwanta yadda aka ce, hasken zai zauna?"

"Ya ce yana sa rai. Bai rantse ba."

Ta yi kamar tana duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Suna kwance a jere.

"To zauna," ta ce. "Muna wurin alkyabba."

Daga ranar ba ta sake ɗaga kai ba sai lokacin da aka yarda, na cin abinci da na ɗiga magani. Ba ta sake tambayar inda aka ajiye littafin ba.

'Yarsa kuwa ta ɗauke masa wuta. Takan ajiye masa abinci ta juya ba ko sannu. Ya gaishe ta, ta amsa wa bango. Bai ba ta haƙuri ba, domin bai tabbata ya yi laifi ba, bai kuma kare kansa ba, domin bai tabbata ya yi daidai ba. Ana haka wata rana ta shigo ɗakin da riga da allura a hannu, ta zauna a bakin gado wai haske ya fi a nan. Ta yi ta ɗinki kanta a sunkuye. Da aka zo inda Yarima ya yi wa Mai Mataji wata magana, sai ta ɗago.

"Baba, wannan mara kunyar ɗan waye? Ba wanda zai mare shi?"

"Na ba shi shekara bakwai," in ji Tafinta. "An ƙi zartarwa."

"Ku biyun nan ku bar shi," in ji murya daga ƙasa. "Ba ku san abin da aka yi masa yana yaro ba."

Da lokaci ya cika suka koma asibiti. Aikin ya kama. Idon hagu yana ganin taga, yana gane mutum ya shigo, ba ya gane ko waye. Na dama yana nan lafiya. Likita ya yi bayani, wannan karon yarinyar ce ta yi masa tambayoyi da Turancinta, kakanta yana gefe yana juya wa uwar. Ta koma makaranta, ta nemi a ba ta kujera a gefen hagu na aji don kowa ya kasance ta damanta. Karatu an yarda mata kaɗan-kaɗan, amma ta ce wanda ya fara shi zai ƙarasa.

Ya ƙarasa, kuma ƙarshen bai warware masa komai ba. Mai Mataji ta fitar da ƙanenta, ta raka shi har bakin tafki, sannan ta juya ta koma fada da ƙafarta. Ba wanda ya tilasta ta. Sarauniya ta faɗi, amma ba don Hankaka ba, wata rigima ce daban ta ci ta. Ba wanda aka hukunta saboda alkyabbar. Shafin ƙarshe ya bar yarinyar zaune kusa da gadon sarauta, mataji a hannu, fadawa suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna gaya mata abin da za su yi mata kafin rana ta faɗi, ita kuma tana murmushi.

"Shi ke nan?" ya ce yana juya bangon baya ko akwai saura.

"Shi ke nan."

"To ina darasin?"

"Dole sai da darasi?"

Har yanzu yana juya maganar. Wani lokaci yakan ce yaran suna son littattafan ne saboda a ciki yarinya ƙarama, ba ƙarfi ba gata, tana zama da manya masu haƙora ta fita da kanta a wuyanta. Wani lokaci yakan ce saboda dokar nan ce ta gaya wa mutum a gabansa. Amma ƙawayen jikarsa idanunsu lafiya lau, ba wanda ya ɓoye musu maganar likita, kuma su ma sun zo gidan sun yi ta ihu suna gardama kan Yarima. Wannan ya rushe masa bayanin. Magatakarda ya ce ya bar wahalar da kansa, su ma da suna yara tatsuniyar da aka cinye mutum a ciki ita suke roƙo a maimaita. Tafinta ya ce wannan daban ne, da aka tambaye shi ta ina, ya kasa faɗa.

Abin da ya fi tsaya masa a rai Hankaka ne. Yana son ya san ko tun ranar da tsohon ya fara ɓoye wa yarinyar gurasa ya san inda abin zai kai shi. Ya tambayi Mai Shari'a, ta ce ita ba za ta ba da shaida a kan abin da ke rubuce ba, wanda ya matsu ya je ya duba.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan ta fita wurin ƙawayenta, ya shiga ɗakinta ya ɗauko littafi na ɗaya daga kan kanta. Ya fito da kujerarsa ƙofar gida. Magatakarda ya zo wucewa ya tambaye shi me yake yi da wannan baƙin abu, ya ce wata tsohuwar shari'a yake sake dubawa. Ya laluba aljihu ya ciro tabarau na tafiya, ya koma ciki ya ɗauko na karatu. Ya zauna, ya zare takalmansa ya ajiye gefe, ya buɗe shafin farko.